Tambaya da Amsa: Me Ke Hana Mutum Aikata Laifi, Kuma a Ina Hukunci Ke Kuskurewa?

Wasiƙun wannan makon duk sun karkata ne ga laifi da hukunci. Mun miƙa su ga masana ilimin nazarin laifuka da ma'aikatan shari'a da ke taimaka wa wannan fili, ga kuma amsoshinsu.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a shekarar farko. Malaminmu ya ce al'umma na da linzami iri biyu da take riƙe mutane da shi, na hukuma da wanda ba na hukuma ba. Mene ne bambancinsu, wanne ya fi ƙarfi?

Amsa: 'Yar'uwa, fara da kanki. Yau kin wuce kayan mutane da dama da babu mai tsaronsu, ba ki ɗauki ko ɗaya ba, kuma da wuya ki ce tunanin ɗan sanda ne ya hana ki. Tarbiyya ce, da kunya, da gudun ɓacin ran iyaye, da tsoron zubewar mutunci a idon waɗanda kike ganin girmansu. Wannan shi ne linzamin da ba na hukuma ba. Na hukuma kuwa shi ne doka rubutacciya, 'yan sanda, kotu da gidan yari. Na farkon ke ɗauke da mafi yawan nauyin, na biyun yana shigowa ne inda na farkon ya tsinke.

A 1969 masanin Amurka Travis Hirschi ya juya tambayar da aka saba yi. Maimakon a ce me ya sa wasu ke laifi, sai ya ce me ya sa yawancinmu ba ma yi. Ya tattara bayanan 'yan makaranta sama da 4,000 a jihar Kalifoniya, ya ware igiyoyi huɗu da ke ɗaure mutum da jama'a: shaƙuwa da iyaye da malamai, abin da mutum ya tara da yake tsoron asararsa kamar karatu ko aiki ko suna, shagaltuwa da abin yi na halal, da yarda a zuci cewa dokar ta cancanci a bi ta. Duk igiyar da ta saki, laifi na ƙara sauƙi.

Unguwa ma tana da nata linzamin. A 1997 Robert Sampson da abokan aikinsa sun yi nazarin unguwanni 343 a birnin Shikago, suka tambayi mazauna sama da 8,000 ko maƙwabtansu za su tsawata idan suka ga yara sun gudu daga makaranta suna zaune a bakin titi, ko faɗa ya ɓarke a ƙofar gida. Unguwannin da mutane suka yarda da juna kuma suke tsawatarwa sun fi ƙarancin kisa da tashin hankali, ko da an yi la'akari da bambancin talauci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma ki lura, wannan linzamin ma yana iya yin ɓarna. Idan jama'a suka ɗauki doka a hannu suka far wa wanda aka yi wa ihu, babu bincike, babu kare kai, babu ɗaukaka ƙara, kuma ran da aka ɗauka bisa kuskure ba ya dawowa.

Tambaya: Ni dattijo ne, sau biyu ana fasa min wurin sana'a. A ganina sassauci ne ya yi yawa. Me zai hana a ninka shekarun ɗauri kowa ya shiga taitayinsa?

Amsa: Baba, Allah ya mayar da alheri. Ɓacin ranka na kan hanya, kuma wanda aka yi wa ɓarna yana da haƙƙin ya ga an hukunta mai laifi. Sai dai maganar ninka shekaru an gwada ta a wurare da yawa, abin da ta haifar bai kai abin da aka sa rai ba.

Tun 1764 masanin Italiya Cesare Beccaria ya nuna cewa tsoratarwar hukunci ta dogara ga abubuwa uku: tabbacin za a kama mutum, saurin zuwan hukuncin, da tsananinsa. Ya ce tabbaci ya fi tsanani tasiri, kuma binciken zamani ya fi goyon bayansa a kan haka. Dalilin a fili yake. Mai shirin fasa shago da dare ba ya lissafin ko shekara 5 ce ko 10, galibi ma bai san abin da doka ta tanada ba. Abin da yake dubawa shi ne ko akwai haske, ko akwai mai gadi, ko kwaɗon zai buɗe cikin minti biyu, ko akwai mai sayen kayan da safe. Da yawa kuma suna cikin maye ko fushi, ba su cikin yanayin lissafi ko kaɗan. Ana cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Muddin ɓarawo ya yarda ranakunsa dubu ne, nauyin abin da zai same shi a rana ɗayan ba ya hana shi fita.

Ga misalin da ya nuna ƙarfin tabbaci. A watan Yuli na 1994, bayan harin bam da aka kai wa wata cibiyar Yahudawa a Buenos Aires, babban birnin Ajantina, hukuma ta girke 'yan sanda dare da rana a ƙofar cibiyoyin Yahudawa da na Musulmi. Ba don satar mota aka girke su ba, amma masu bincike sun gano satar mota ta ragu da kusan kashi 75 cikin 100 a layukan da aka sa su. Layi ɗaya ko biyu gaba kuwa babu wani canji a zo a gani. Ba a taɓa dokar hukuncin sata ba, ido kawai aka ƙara.

Idon ma sai an san inda za a sa shi. A gwajin da aka yi a birnin Kansas na Amurka tsakanin 1972 da 1973, an raba yankunan sintiri 15 gida uku: wasu aka janye motocin sintiri, wasu aka bar su yadda suke, wasu aka ninka su sau biyu zuwa uku. Laifi bai nuna wani bambanci mai ma'ana ba, domin yawo a mota ba tare da manufa ba ba ya tsorata kowa. Daga baya, nazarin kiran gaggawa sama da 300,000 a birnin Miniyapolis, wanda aka wallafa a 1989, ya nuna rabin kiran daga kashi 3 cikin 100 na wuraren birnin yake fitowa. Daga nan aka koma ga dabarar tsayawa a waɗannan 'yan wuraren na kimanin minti 10 zuwa 15, a lokutan da ba a iya hasashensu, kuma wannan ta fi rage laifi.

Tsawon ɗauri yana da amfani guda da ba a musu: wanda ke tsare ba zai fasa shagon kowa ba. Amma amfanin na raguwa da shekaru, saboda aikata laifi yana kai ƙololuwa ne a ƙarshen ƙuruciya, sannan ya yi ta sauka. Jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1994 da ke ɗaure mai laifi na uku shekara 25 zuwa rai-da-rai. Gidajen yari suka cika da masu furfura da tuni ƙarfin laifinsu ya ƙare, har a 2012 masu zaɓe suka sassauta dokar. Ko hukuncin kisa, wani kwamitin masana na majalisar binciken kimiyya ta Amurka ya duba nazarce-nazarcen shekaru sama da 30, ya kammala a 2012 cewa ba su isa hujjar cewa hukuncin na rage kisan kai ko ƙara shi ba.

Abin da zai fi kare shagonka, Baba, shi ne a kama wanda ya fasa, a kama ɓarawon zaune da ke sayen kayan, a yanke hukunci cikin watanni. Kai ma ka rubuta lambobin da ke jikin kayanka masu daraja ka adana, domin da su ake tabbatar wa kotu cewa abin da aka samu a hannun mutum naka ne.

Tambaya: An kama wanda ake zargi da yi wa ƙanina rauni, amma kotu ta sallame shi wai babu isasshiyar hujja. Daga kamu zuwa hukunci, a ina shari'a ke lalacewa?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ba mu ga fayil ɗin ba, amma wuraren da shari'ar laifi ke karyewa sanannu ne, kuma yawancinsu a kwanakin farko suke, tun kafin alƙali ya ga kowa.

Ka ɗauki tsarin kamar mazurari. Ba kowane laifi ake kai rahoto ba, ba kowane rahoto ake rubutawa ba, ba kowane rubutacce ake gano mai shi ba, ba kowane kamu ne mai gabatar da ƙara ke kai wa kotu ba. Ma'aunin kowane mataki kuma daban ne. Ɗan sanda na kamu ne bisa zargi mai tushe, amma alƙali ba ya ɗaure mutum sai hujja ta kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana, kuma nauyin kawo ta na kan mai gabatar da ƙara. Wanda ake tuhuma ba shi da aikin wanke kansa.

Wuri na farko shi ne inda abin ya faru. Ya kamata a killace shi, a rubuta sunan duk wanda ya shiga da lokacin shigarsa, a ɗauki hoto kafin a taɓa komai. Riga mai jini ana shanya ta ta bushe a iska, a sa ta cikin jakar takarda. Idan aka cusa ta a leda da danshinta, sai ta yi fumfuna, ƙwayoyin halittar da za a gwada su lalace. Kowane abu a jakarsa daban, a manne baki, a sa lamba da kwanan wata da sa hannu. Duk lokacin da ya sauya hannu, daga mai bincike zuwa ma'aji zuwa ɗakin gwaji, sai mai bayarwa da mai karɓa sun sa hannu. Idan aka sami kwana uku da takarda ba ta nuna wa ke riƙe da wuƙar ba, lauyan mai kare kai zai tambaya ta yaya aka san wuƙar nan ce, kuma tambayarsa na kan ƙa'ida. Rahoton likita ma a nemo shi da wuri, da bayanin girman rauni da wurinsa da hotuna, domin rauni na warkewa.

Wuri na biyu shi ne gane fuska. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fito da mutum ɗaya da ankwa a hannu a ce wa mai shaida, shi ne? Wannan ya riga ya ba shi amsa. Yadda ya dace shi ne a jera wanda ake zargi da aƙalla mutum biyar da suka dace da kamannin da mai shaida ya fara bayarwa, jami'in da ke gudanarwa ya kasance bai san wane ne ake zargi ba, a gaya wa mai shaida cewa mai laifin yana iya kasancewa ba ya cikinsu, sannan nan take a rubuta da kalmominsa yadda ya tabbata. A Amurka, cikin mutanen da gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) ya wanke bayan an ɗaure su, kusan 7 cikin 10 akwai kuskuren mai shaidar gani a shari'arsu. Waɗannan shaidu ba ƙarya suka shirya ba, sun yi imani da abin da suka faɗa.

Na uku shi ne amsa laifi. Sashe na 15 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa, ta 1984, ya haramta amfani da duk maganar da aka tatsa ta hanyar azaba. Mai binciken da ya doki mutum ya amsa, ya daina neman wata hujja, ya gina shari'arsa a kan toka: da zarar kotu ta yi watsi da takardar, babu abin da ya rage. Shi ya sa Ingila, bayan dokarta ta 1984 kan aikin 'yan sanda, ta wajabta naɗar tambayoyin da ake yi wa wanda ake zargi.

Sauran kuma jinkiri ne. Ana ɗage zama, ana sauya wa mai bincike wurin aiki, shaidu na gajiya ko a tsorata su. Ka riƙe lambar fayil da sunan jami'in da ke bincike, ka tabbatar mai gabatar da ƙara na da adireshin kowane mai shaida. Ka kuma tambayi lauya wace irin sallama aka yi, domin korar ƙara saboda rashin kawo shaidu daban take da wankewa bayan cikakkiyar shari'a, kuma a tsare-tsare da yawa ta farkon ana iya sake shigar da ita.

Tambaya: Shin ba da beli ba sakin mai laifi ba ne?

Amsa: A'a, Malam. Wanda ba a yanke wa hukunci ba, a idon doka marar laifi ne, beli kuwa alkawari ne na dawowa kotu. Abin da alƙali ke aunawa shi ne ko zai gudu, ko zai taɓa shaidu, ko zai cutar da wani. Kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a bisa al'ada awa 48 sun isa a kai wanda aka kama gaban alƙali. Duk da haka, cikin fursunoni sama da miliyan 11 da ke duniya, kusan kashi ɗaya bisa uku zaman jiran shari'a suke yi. Wasu kan shafe lokacin da ya fi hukuncin laifin da ake zarginsu, su rasa aiki da muhalli, kuma wanda ya gaji da jira yakan amsa laifin da bai yi ba don ya san ranar fitarsa. Wannan abin takaici ne ƙwarai, kuma talaka ya fi faɗawa ciki.

Tambaya: Ni uwa ce. Ɗana ɗan shekara 15 ya ɗauki wayar wani. Ana ba ni shawara in nemi a kwana biyu da shi a tsare, ko a kai shi ya ga gidan yari don ya tsorata. In yarda?

Amsa: Hajiya, kada ki yarda. An gwada wannan dabarar. A shekarun 1970 wani gidan yari a jihar New Jersey ta Amurka ya fara karɓar kangararrun yara, fursunoni masu ɗaurin rai-da-rai su yi musu tsawa, su kwatanta musu baƙin zaman da ke ciki. Shirin ya bazu. Da aka tattara gwaje-gwaje 9 da aka raba yara gida biyu ta hanyar ƙuri'a, sai aka ga waɗanda aka kai ziyarar sun fi waɗanda ba a kai ba komawa ga laifi. Tsoro na gushewa cikin kwanaki, wani yaron ma ya dawo yana taƙama da abin da ya gani.

Akwai kuma haɗarin laƙabi. Masanin Amurka Edwin Lemert a 1951 ya bambanta kuskuren farko da wanda ke biyo baya idan jama'a suka manna wa mutum suna. Yaron da aka kira ɓarawo, makaranta ta kore shi, iyayen abokansa suka hana su hulɗa da shi, ba shi da sauran abokai sai masu irin laƙabinsa, zama da maɗaukin kanwa kuwa shi ke kawo farin kai. A nazarin yara maza 9,945 da aka haifa a 1945 suka tashi a birnin Filadelfiya na Amurka, kusan rabin waɗanda suka taɓa shiga hannun 'yan sanda sau ɗaya kawai suka shiga. Kashi 6 cikin 100 na dukan yaran ne suka aikata fiye da rabin laifukan. Aikinki shi ne kada ɗanki ya tsallaka daga rukunin farko zuwa na biyu.

Wannan ba ya nufin a shafa masa kai. Ƙasar New Zealand tun 1989 ta sa zaman sulhu na iyali a cikin dokarta, kuma tsarinsa abin koyi ne. Sharaɗin farko, yaron bai musanta laifin ba. Mai shiga tsakani ya gana da kowane ɓangare daban tukuna, kuma ba a tilasta wa wanda aka cuta ya zo. A zaman, a karanta abin da ya faru, wanda aka cuta ya faɗi abin da ya rasa da yadda abin ya taɓa shi, yaron ya yi bayani da bakinsa. Daga nan iyali su keɓe su fito da shawara: mayar da kaya ko biyan diyya, neman gafara, wani aiki na awanni ƙayyadaddu, komawa makaranta. A rubuta wa zai sa ido a kan kowane sharaɗi da ranar kammalawa. Inda zaman ke lalacewa shi ne idan manya suka mayar da shi dandalin zagi, ko uwa ta biya diyyar ita kaɗai yaron bai ji a jikinsa ba, ko aka watse babu mai bibiya. A la'anci aikin, a bar wa yaron ƙofar dawowa.

Tambaya: Ni gandiroba ne. Fuskokin da muka sallama su muke sake karɓa. Gyaran hali gaskiya ne kuwa?

Amsa: Abokin aiki, abin da kake gani alƙaluma sun tabbatar da shi. Cikin fursunonin da jihohi 30 na Amurka suka saka a 2005, an sake kama kashi 44 cikin 100 a shekarar farko, kashi 68 cikin shekara 3, kashi 83 cikin shekara 9. Amma gyara na yiwuwa idan an bi ƙa'idojin da masana na Kanada, Don Andrews da James Bonta da Robert Hoge, suka tsara a 1990. A auna haɗarin komawar kowa, a zuba mafi yawan ƙoƙari a kan masu babban haɗari. Haɗa mai ƙaramin haɗari da gogaggu a aji ɗaya yana ɓata shi ne. A nufi abubuwan da ke jawo laifin kai tsaye: miyagun abokai, tunanin halatta ɓarna, saurin fushi, shaye-shaye, rashin karatu da sana'a, rikicin gida. Koyarwar kuma ta zama ta gwaji a aikace, a kwaikwayi yadda zai amsa idan tsohon aboki ya kira shi, a maimaita har ya zauna, daidai da fahimtarsa. Karatu ma na da tasiri: nazarin cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka na 2013 ya nuna waɗanda suka yi karatu a tsare sun fi ƙarancin dawowa.

Yadda kake mu'amala da su wani ɓangare ne na gyaran. Dokokin Nelson Mandela kan yadda ake tafiyar da fursunoni, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun tanadi a raba masu jiran shari'a da waɗanda aka yanke wa hukunci, a raba yara da manya, a ba kowa aƙalla awa ɗaya a sarari kullum, kuma sun haramta killace mutum shi kaɗai awa 22 a rana fiye da kwana 15 a jere. Mutumin da aka saurare shi, aka yi masa hukunci ba son kai, ya fi bin doka ko da hukuncin bai yi masa daɗi ba.

Sai ƙofar fita, inda aka fi sakaci. Wani nazari a jihar Washington da aka wallafa a 2007 ya bi fursunoni sama da 30,000 bayan sakinsu, ya gano cewa a makonni biyu na farko haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran jama'a kusan sau 13, na mutuwa ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima kuwa sau 129, domin jiki ya manta da adadin da ya saba ɗauka. Saboda haka a fara shirin sallama watanni kafin ranar. A tabbatar yana da katin shaida a hannu, an san inda zai kwana a daren farko da wanda zai tarbe shi a ƙofa, an ba shi maganin da yake sha na 'yan makonni tare da ranar ganin likita, an haɗa shi da mai ba shi aiki ko koyon sana'a. A kuma sake shi da safe a ranar aiki, lokacin da ofisoshin da zai buƙata suke buɗe.